Zoben Baba a Gidan Odette

Roanne, 7 ga Maris 1994

Ƙanena Didier,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da zafin Laos ɗin taka da famfunan ruwan da suka hana ka zuwa gida. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ke tuna min shekaruna duk lokacin da na durƙusa gwada wa wani takalmi a kanti. Sanyi ya fara sauƙi.

To, nemi wuri ka zauna, amma kar hankalinka ya tashi, yana raye, yanzu haka ma yana ɗaki yana zagina. Baba ya faɗi ranar Alhamis a gidan abincin Odette. Suna tsakiyar musun ƙwallo da abokinsa Gaston, cokali a hannu, sai kawai ya sulale gefe. Raymond mijin Odette ne ya fito daga wajen tanderu, fulawa har gira, ya ɗauke shi ya kwantar a benci, ita kuma ta kira motar asibiti. Likita ya ce zuciya ce da hawan jini, kuma wannan gargaɗi ne, na gaba ba zai yi sallama ba. Ya hana shi gishiri, ya hana man shanu, ya hana cuku, ya hana ɗan kofin jan giyar nan na rana. Baba ya saurare shi tsaf har ya gama, sannan ya ce, "Likita, to iskar fa? Ita ma a daina shaƙa?"

Ka san yadda abin yake. Da can Asabar kaɗai suke zuwa shi da Mama, amma tun da ta rasu bai ƙara cin abincin rana a gida ba. Da ƙararrawar coci ta buga sha biyu ya ɗauki hula, ya gangara kwana, ya shiga ta ɓangaren burodi ya karɓi ƙarshen burodin da ya fi ƙonewa, wanda Raymond ke ajiye masa. Ya wuce ciki, ya zaro ƙyallen goge bakinsa daga gurbinsa a kabad, ya zare zoben katakon da ake zura ƙyallen a ciki, ya zauna bakin taga ya ba allon da ake rubuta abincin ranar baya, wai shi ba ya buƙatar karatu, hancinsa ya ishe shi. Talata zomo, Alhamis farfesun saniya, Jumma'a kifi, Gaston a gabansa suna ƙaryata juna har a kawo kofi. Rayuwarsa ke nan gaba ɗaya, ba ni ba, ba kai ba.

Ranar da aka sallame shi na dafa masa kaza da karas yadda likita ya ce. Ya tauna, ya tauna, ya ajiye cokali ya ce, "Wannan kazar a banza ta mutu." Yanzu ya kafe sai ya koma wajen Odette. Ni ina da hutun rana a kanti, zan iya zuwa in dafa masa kullum, gajiyar ba ta dame ni ba. Amma ba ya jin maganata, ni a wajensa har gobe yarinyar da ta ƙona madara ce. Kai ne auta, kai ne wanda ba ya laifi, sai ka rubuto ka gaya min yadda za a yi, shi ma ka rubuto masa.

Yayarka,
Josiane

Vientiane, 26 ga Maris 1994

Yaya Josiane,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni ƙalau nake, cikina ne ya ɗan yi rigima makon jiya, barkonon mutanen nan ba ya jin rarrashi. Wasiƙarki a tsaye na karanta ta a gidan waya. Kin ce kar hankalina ya tashi bayan kin gama tayar da shi.

Yaya, don girman Allah kar ki bar shi ya koma. Na san Odette, na san hannunta, matar da ke zuba man shanu da ludayi. Za ta rantse miki ta rage gishiri, sai Baba ya yi mata kallon nan nasa na maraya, ta ƙara masa kina juya baya. Gaston kuma ya turo masa kofinsa. Mama ta tafi ina nesa, ban iske ta ba sai a cikin akwati. Ba zan iya sake irin wannan tafiyar ba, Yaya. Ga wata takarda daban na saka ta Baba, ki ba shi, na roƙe shi ya daure zuwa Kirsimeti in na zo mu je wajen likitan tare.

Kuma ga dabarar da ta zo min. Baba ba abincin kaɗai ne ke jansa ba, sabo ne. Ki je wajen Odette ki karɓo ƙyallensa da zoben nan na katako da Raymond ya ƙona sunansa a jiki. Ki ja tebur bakin tagar kicin, ki ajiye masa su a gefen faranti yadda ya saba gani. In ya zare ƙyallensa daga zobensa zai ji kamar yana can. Ki kunna masa rediyo a madadin Gaston, rediyon ma ya fi Gaston faɗin gaskiya.

A nan ma fa ana sayar da dogon burodi irin namu a bakin titi da safe, a tsaga shi a cusa barkono da ganye. Cikinsa duk iska ne, in Raymond ya gani sai ya yi kuka. Duk da haka ina saye, don ƙanshin kaɗai.

Ƙaninki,
Didier

Roanne, 18 ga Afrilu 1994

Autan Mama,

Gaisuwa. Ina fata cikin ya lafa, kuma ka daina cin abin da ba ka san sunansa ba. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Baba ya karanta takardarka, ya ninke, ya ce, "Shi ma likita ya zama?" Amma ranar bai fita ba, ka ga bambancina da kai ke nan.

Maganar zobe na yi ta, sai dai bari in ba ka labarin yadda aka yi, don har yanzu abin yana min wani iri. Na je dab da lokacin abinci, Odette tana kan kujera tana rubuta allo. Na ce na zo karɓar ƙyallen Baba da zobensa. Ta sauko a hankali, ta goge alli a gaban rigarta, ta dube ni.

"Jikin nasa ne ya tashi?"

"A'a, da sauƙi ma."

"Shi ya aiko ki?"

"Ni da Didier ne muka ga ya dace, tunda a gida zai riƙa ci yanzu."

"Ke da Didier," in ji ta. "'Yar nan, ki bar shi a nan mana. Me ya tsare miki a cikin kabad?"

Ni kuwa ka san hali, ga makara, ga gwiwa, ga shi na ji kamar tana nuna min ta fi ni sanin ubana. Na ce, "Inna Odette, kayansa ne ai, ba na gidan nan ba." Ta zaro su daga gurbin, ta naɗe a takardar burodi, ta miƙo min da hannu biyu. Gaston yana zaune a teburinsu yana jiran sha biyu, sai na ga ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ce, "Haba Baba Gaston, ba mutuwa aka yi ba fa." Ya ce, "Ni na ce wani abu?"

A gida na ja tebur bakin taga yadda ka ce, har da rediyon. Baba ya fito daga ɗaki ya tsaya cak. Ya ɗauki zoben yana jujjuya shi, ya ce, "Odette ce ta ba ki?" Na ce ita ce. Ya ce, "Da hannunta?" Na ce da hannunta. Ya ce, "To." Ya zauna ya ci kifinsa marar gishiri, ko tsaki bai yi ba.

Tun daga ranar kuwa shiru kake ji. Bai ƙara ambaton gidan Odette ba, sha biyu ta buga ko hular ba ya kallo. Likita ya auna shi ya ce jinin ya sauka, har da yaba min. Rigimar da nake tsoro dai ba a yi ta ba. Sai dai gidan ya yi min tsit da yawa, rabon da ya zage ni tun ranar.

Yayarka,
Josiane

Vientiane, 9 ga Mayu 1994

Yaya,

Gaisuwa da yawa. Lafiyata lau, har ƙiba na fara. Wasiƙarki ta faranta min rai, na karanta wa abokan aikina wajen da likita ya yaba miki. Ba na gaya miki ba? Jini ya sauka, tsoho ya zauna a gida, rigima ta mutu, ke kuma maimakon ki gode wa ƙaninki mai basira kin tsaya kina kukan an daina zaginki. In zagin kike marmari ki bari in zo, ni zan biya ki bashin duka. Odette kuma ki ƙyale ta, ta rasa mai ciniki ne, dole ta ɓata rai, za ta huce.

Jibi za mu tafi kudu, ƙauyukan da ke bayan kogi, muna so mu gama rijiyoyin kafin damina ta yi ƙarfi. Can babu gidan waya, in hanya ta lalace ma sai jirgin ruwa, don haka in kin ji ni shiru kar ki ce na mutu. Da na san jikin Baba bai daidaita ba da ban tafi ba, amma yanzu hankalina a kwance yake. Ki ci gaba yadda kike yi, kar ki sassauta ko kaɗan. Ki sumbace min shi a tsakiyar sanƙon nan.

Didier

Roanne, 6 ga Yuni 1994

Didier,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya a duk dajin da kake. Ban san ko wani zai kai maka wannan ba, amma dole in rubuta. Ni lafiyata ƙalau, Baba ne ba na gane masa.

Ba ya cin abinci. Zai zauna, ya tura shi gefe da gefe a faranti, ya ce ya ƙoshi, har da "na gode". Baba fa, na gode! Na ƙara huda a bel ɗinsa, wandon duk da haka zamewa yake. Likita ya ce jini daidai, zuciya daidai, wai tsufa ne.

Na lura ya daina amfani da ƙyallen, da bayan hannu yake goge baki. Na tambayi inda zoben yake, ya ce ya adana. Ranar Lahadi ina neman katinsa na asibiti a durowar gefen gado, sai ga ƙunshi biyu a takardar burodi, an jera su kusa da juna. Ɗaya sabo, ɗaya takardar ta yi ja don daɗewa. Na buɗe tsohon, zobe ne, an ƙona sunan Mama a jiki. Na fito da su a hannu na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Ranar jana'izar uwarku Odette ta kawo min nata, kina kicin kina fama da baƙi. Haka take yi wa kowa, tun zamanin uwarta. Zobe ba ya barin gidan sai mai shi ya gama."

Didier, sai a lokacin na gane abin da muka yi. Na san da wannan al'adar fa, na sha ji tun muna yara, amma wallahi ranar ba ta zo min a rai ba ko kaɗan. Na ce, "Baba, ba Odette ce ta kore ka ba, ni na je na karɓo, ta ma hana ni." Ya ce, "Na sani. Ku kuka nema, ita ta bayar, Gaston yana kallo. Dukanku kun ga lokaci ya yi. Ni wane ne da zan yi musu?" Na ce to in mayar? Ya ce, "Ku da kuka ɗauko ku kuka san wannan," ya juya ya ci gaba da kallon titi.

Washegari na haɗiye girman kaina na je wajen Odette na ba ta haƙuri. Ta nuna min gurbin, babu komai a ciki, ta ce wani direban bas ya nema ta hana. Ta ce, "Kawo shi gobe ma in kina so. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar nan, ni ban iya girkin asibiti ba. In ya zauna a teburina abin da Gaston ya ci shi zai ci, ko na ba shi daban ba zai karɓa ba." Na koma wajen likita, ya ce in ya koma cin wancan abincin, shi babu ruwansa da abin da zai biyo baya.

To ka ji inda nake. In na bar shi a gida yana narkewa a gabana, in na mayar da shi ya sake faɗuwa kai za ka ce ni na kashe shi, ka riga ka rubuta kar in sassauta. Uban namu ne mu biyu, ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba. Ka rubuto kalma ɗaya, in mayar ko kar in mayar.

Josiane

Roanne, 4 ga Yuli 1994

Didier,

Ina gaisuwa, tunda haka aka koya mana. Baba yana nan, ya ƙara ramewa, yanzu sai ya dafa bango yake zuwa kicin.

Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙa, kullum takardar wuta da ta talla. Na san ka ce babu gidan waya, amma mutum in yana so ya san halin ubansa zai sami wanda zai aika. Ko kuwa ka karanta ne, shirun shi ne amsarka? Ranar Talatar da ta wuce har na ɗauko masa hularsa, sai maganarka ta akwati ta faɗo min, na mayar da ita kan ƙusa. Ya gan ni, ya kau da kai. Kana can kana ba mutanen duniya ruwa, Allah ya ba da lada.

Josiane

Vientiane, 24 ga Yuli 1994

Yaya, Yayata,

Yau da rana muka iso, ruwa ya cinye gada, mun daɗe a maƙale. Lafiyata lau in ban da zazzaɓin da na yi a can, ya wuce. Wasiƙunki biyu na tarar a kan tebur, ban ko cire takalmi ba nake rubuta wannan. Ban gan su ba sai yau, na rantse miki, shiruna ba amsa ba ce.

Ki mayar da shi. Ranar da wannan ta same ki, ki sa masa hularsa ki mayar da shi. Ya ci zomonsa, ya suɗe miyar da burodi, ya sha kofinsa, ya ƙaryata Gaston. In wani abu ya faru ni na ce, ki ajiye wannan takardar ki nuna wa duk wanda ya tambaya. Kaicona, ni da na bar unguwar tun ina saurayi, na zauna a nan ina tsara wa mutum tebur daga wata duniya. Na karanta wasiƙarki ta Afrilu, kin rubuta ƙarara cewa Gaston ya cire hula, ni kuma ban ga komai a ciki ba sai jinin da ya sauka.

Ki ce wa Baba ya yafe min. Ki ce wa Odette ta ajiye min kujera a Kirsimeti kusa da tasa.

Ƙaninki,
Didier

Roanne, 11 ga Agusta 1994

Ƙanena,

Gaisuwa, da sannu da zazzaɓi. Ka yafe min wasiƙar Yuli, baƙin ciki ne ya rubuta ta. A nan zafi ake yi sosai, Baba yana nan da ɗan dama.

Taka ta iso jiya da safe. Na karanta masa ita da ƙarfi, da na zo wajen "ya ƙaryata Gaston" sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Na nemi izini a kanti, na yi masa aski, na goge masa farar riga, na sa masa kwat ɗin zuwa coci duk da zafin, shi ya nema. Ya buɗe durowa da kansa ya ɗauki ƙunshinsa ya sa a aljihu. Sha biyu na bugawa muka sauka. Tafiyar da a da yake yi kafin ƙararrawa ta gama, jiya sai da muka huta a bencin kantin magani, muka sake hutawa a bakin famfo.

Muna shan kwana na ga ƙofar ƙarfen gidan Odette a sauke, an manna takarda: an tafi hutun shekara, sai Talatar farko ta Satumba. Agusta, Didier! Ni da aka haifa a layin nan, wadda ta san tun tana goye cewa Odette da Raymond suna rufewa duk Agusta su tafi bakin teku wajen ƙanwarta. Tun Yuni nake zagaye layin don kunya, burodin Baba marar gishiri a babban kanti nake saye, kaina kuma ya cika, ban ko tuna wane wata muke ciki ba. Na tsaya a titi na fashe da kuka kamar yarinya.

Baba ya ce, "Ke, rufe mana baki, mutane na kallo." Ya matsa ya kara hannu a tagar gefe yana leƙen ciki. An kife kujeru a kan tebura, allon yana nan da rubutun ranar ƙarshe. Ya daɗe yana kallon wajen kabad. Na ce, "Baba, ka yafe min, na manta." Ya ce, "Ni ban manta ba. Shekara nawa ina cin sardin ɗin gwangwani duk Agusta?" Na ce to me ya sa ka bar ni na sa maka kwat? Ya ce, "Hanyar nake so in taka."

Da za mu juya ya sake karanta takardar, ya ce, "Talata. Zomo ke nan." Ya dafa aljihunsa muka koma gida. Da yamma ya ci rabin ƙwai da ɗan burodi, kuma ya sa na wanke ƙyallen na goge, wai ba zai mayar wa Odette da shi a yamutse ba. 'Yan makonni ne kawai, za mu jira.

Yayarka,
Josiane

Vientiane, 2 ga Satumba 1994

Yaya,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ya haƙuri? Ina nan da rai, shi ke nan abin da zan iya cewa.

Telegiram ɗinki ya iso ranar Asabar. Na yi ta yawo a ofishin jirgi, babu wanda zai kai ni kafin a binne shi. A wannan karon ko akwatin ban gani ba. Sai kuma shekaranjiya ga wasiƙarki ta Agusta, Baba a cikinta da ransa, da kwat, yana cewa Talata zomo. Na karanta ta a bakin kogi, na kasa tashi har masu sayar da kifi suka fara kallona.

Ke kaɗai kika ɗauki komai, ni da baki kawai na taimaka, bakin ma ɓarna ya yi. Da ban kawo maganar zoben nan ba, da ko a gida yake zai san yana da wurin komawa. Ki gaya min yadda ya tafi, kar ki rage min komai. Kuma zoben yana ina?

Didier

Roanne, 23 ga Satumba 1994

Didier ƙanena,

Ya haƙuri, ya kaɗaici? Ni ina nan, na koma kanti, gwiwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ka ce kar in rage maka komai, to ga shi.

Makonnin nan na ƙarshe ya ɗan dawo. Yana cin abinci kaɗan-kaɗan, wai yana tara ƙarfin tafiya. Ana gobe zai rasu ya ɗanɗana miyata ya ce ruwan wanka ya fi ta daɗi, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Da safe na zo na tarar ya yi aski da kansa, yana kan kujerarsa bakin taga, rediyo na magana. Ya tafi, bai wahala ba. Ƙunshin yana aljihun kwat, a rataye bayan ƙofa. Jana'izar ba mutane, rabin unguwa na hutu. Ni, da Gaston, da fadan coci, da wasu tsofaffi daga masaƙar da ya yi wa aiki. Ban san inda zan sami Odette ba, ba ta ji ba sai da ta dawo.

Talatar da ta buɗe na je, da ƙunshin a jaka, ban ma san abin da zan yi da shi ba. Ta fito daga kicin ta rungume ni, tana kuka tana faɗa. Ta ce, "Duk mai ci a gidan nan in ya rasu, ni nake kai wa iyalinsa zobensa da hannuna. Ubanki Lucien kaɗai ne ba ni da abin kaiwa." Sai na fito da shi. Ta karɓa ta kwance, ta ga ƙyallen a wanke a goge, ta tsaya tana kallonsa. Ta je ta saka a gurbinsa, ta juyo ta ce, "Sha biyu ta yi. Je ki ɗauko ki zauna."

Na ɗauko, na zauna a kujerarsa na ba allo baya. Raymond ya fito ya ajiye min ƙarshen burodin da ya ƙone, ya koma. Aka kawo zomo. Didier, akwai gishiri, akwai man shanu, miyar har sheƙi take. Gaston ya tsiyaya min giya ya ce, "Ubanki bai san komai a ƙwallo ba, shekara da shekaru ina haƙuri da shi." Na ce, "Ƙarya kake, Baba Gaston." Ya ce, "Yauwa," sai hawaye. Na cinye tas, na suɗe farantin da burodi. Ina ci ina tunanin wata biyar na wannan muka hana shi, don ya ƙara kwana, kuma ban san ko kwana ɗaya mun ƙara masa ba. Da na gama na naɗe ƙyallen na zura a zoben na mayar gurbinsa, Odette ta ce in tafi gida.

Maganar wa ya fi laifi ka bar ta. Kai ka kawo shawara, ni na je na karɓo, ni kuma na tsaya jiran takarda alhali hular tana kan ƙusa. Na juya ta ta kowane gefe na gaji. Ka zo Kirsimeti, Odette ta ce kujerarka tana nan, sai dai kusa da Gaston za ka zauna.

Ka tambayi inda zoben yake. Da yamma ranar, bayan ta rufe, na ji an ƙwanƙwasa ƙofar gidan Baba ina tsakiyar haɗa kayansa. Odette ce, ta sa baƙar rigarta ta coci, da ƙunshi a takardar burodi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na kawo zoben Baba Lucien. Ya daɗe yana ci a gidanmu, mun gode." Na karɓa da hannu biyu. Yana durowa kusa da na Mama, inda shi ya ajiye shi tun Afrilu.

Yayarka,
Josiane